Jarin Waje: Abin da Tafkunan Kuza na Jos Ke Tuna wa Abuja

Da wuya wata guda ya wuce ba a ga hoton wani minista ko gwamna yana musabaha da baƙin 'yan kasuwa ba, an kafa ƙananan tutoci a kan tebur, an rattaba hannu a takardar fahimtar juna, sannan a sanar da yawan dalolin da za su shigo ƙasa. A watan Satumbar 2023, lokacin ziyarar Shugaba Bola Tinubu a Indiya, an sanar da alkawuran zuba jari na kimanin dala biliyan 14. Amma alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na wannan shekarar sun nuna cewa duk kuɗin da ya shigo Najeriya daga waje da sunan jari bai cika dala biliyan 4 ba. Jarin kai-tsaye a cikinsa, wato wanda ake kafa masana'anta ko buɗe mahaƙa ko sayen kamfani da shi, bai kai dala miliyan 400 ba. Saura kuwa bashi ne da kuɗin da ke shiga kasuwar hannun jari da takardun lamunin gwamnati, irin wanda ke iya ficewa cikin mako guda idan iska ta juya. A shekarar dai kamfanin magunguna na GSK ya sanar da janye harkarsa ta kai-tsaye, P&G kuma ya ce zai daina sarrafa kaya a ƙasar, ya koma shigo da su daga waje.

Wannan giɓi tsakanin alkawari da abin da ya iso hannu ne ya sa neman mai zuba jari ya zama babban aikin ma'aikatu da dama a Abuja. Neman kuwa yana da hujja. Kaso mai tsoka na kasafin kuɗin tarayya na tafiya ne a biyan bashi da albashi, bankunan cikin gida na ba da rance da ruwan da masana'anta ba za ta iya ɗauka ba, ga miliyoyin matasa na fitowa neman aiki duk shekara. Haƙar ma'adinai ta zamani ko kafa wurin narka ƙarfe na cin kuɗin da ake jira shekaru kafin a ga ribarsa, kuma ana buƙatar injina da ƙwarewa da hanyar shiga kasuwar duniya. Mai jarin waje na iya zuwa da waɗannan duka.

Sai dai mai jin yunwa ba kasafai yake tsayawa ciniki ba, a nan kuma haɗarin yake. Ra'ayin wannan jarida shi ne, ma'aunin jarin waje shi ne abin da zai rage a ƙasa ranar da mai jarin ya naɗe kayansa. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Najeriya na da wurin da aka gwada gaskiyar wannan magana na tsawon kusan shekara tamanin, tafiyar 'yan sa'o'i a mota daga Abuja: Jos da Bukuru da Barikin Ladi, inda aka yi haƙar kuza.

Abin da jarin ya kawo

Tun kafin zuwan Turawa an san kuza a wannan yanki. Maƙeran Ririwai da na Liruwen Dalma kan wanke ma'adinin daga rafuka, su narka shi, su zuba shi siri-siri kamar tsinken ciyawa, fatake su kai shi kasuwanni. A hannun fataken ne wakilan kamfanin Royal Niger suka fara ganinsa, suka shiga neman tushensa. A farkon shekarun 1900 kamfanin ya turo masu bincike, Kanar H. W. Laws ya kafa sansani a Naraguta da rakiyar soja, domin mutanen tsaunukan ba su karɓi baƙin da hannu biyu ba. Kafin 1910 ta wuce, hannun jarin kamfanonin haƙar kuza na Arewacin Najeriya ya zama abin rububi a kasuwar Landan. Kamfanoni da dama suka kafu, irin su Bisichi da Jantar da Ex-Lands, daga baya a 1939 aka haɗe wasu daga cikin manya aka samar da Amalgamated Tin Mines of Nigeria, wanda ma'aikata suka fi sani da ATMN.

Adalci ne a lissafa abin da wannan jari ya gina. Da farko a ka ake ɗaukar ma'adinin, 'yan dako su taka da shi kwanaki zuwa Loko a bakin Binuwai. A 1914 ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso Bukuru, a 1927 kuma babban layin da ya taso daga Fatakwal ya iso Jos ta Kafanchan. Buƙatar injinan haƙa ce ta sa aka kafa kamfanin lantarki na NESCO a 1929, wanda ya datse ruwa a Kurra ya samar da wuta tun lokacin da mafi yawan garuruwan Arewa ba su san ta ba. Dubban mutane daga ƙasar Hausa da Barno da Binuwai da Kudancin Najeriya sun sami aiki, an horar da makanikai da direbobin injina da masu safiyo da akawu. A ramukan haƙar kuza ne ma aka fara tono gumakan yumɓu na Nok, waɗanda suka zama ginshiƙin gidan tarihin da aka buɗe a Jos a 1952. Najeriya ta shiga sahun manyan ƙasashen da ke fitar da kuza, a shekarun 1950 kuma ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da kolombait, lokacin da Amurka ke tara shi saboda yaƙin Koriya.

Duk wanda ya ce jarin waje ba ya gina komai, bai san tarihin Jos ba. Abin tambaya shi ne a kan wane sharaɗi aka yi ginin, da kuma wanda ya biya kuɗinsa na gaskiya.

Abin da jarin ya ɗauka

Asarar farko ita ce sana'ar gida. Filayen da maƙeran gargajiya ke ɗibar ma'adinin sun shiga lasisin kamfanoni, cikin 'yan shekaru narkar gida ta mutu. Daga nan har farkon shekarun 1960, lokacin da aka kafa masana'antar narka kuza ta Makeri a Jos, ɗanyen ma'adinin ake zubawa a buhu a kai Ingila. Fiye da rabin ƙarni, aikin narkawa da ƙwarewarsa da ribarsa suna can bakin tekun Liverpool, a yankin da shi kansa ya san narka kuza tun kafin a zo masa da injin.

Asara ta biyu tana cikin takarda ce, kuma ita ce ta fi dacewa ma'aikacin gwamnati ya yi nazarinta. Lokacin da gwamnatin Birtaniya ta karɓe mulkin yankin daga kamfanin Royal Niger a 1900, an yarda kamfanin ya riƙa karɓar rabin harajin da ake biya kan ma'adinan da aka haƙo a faɗin ƙasar da ke tsakanin kogin Neja da layin da ya tashi daga Yola zuwa Damagaram, har tsawon shekara 99. Wannan haƙƙi ya koma hannun kamfanin UAC da ya gaje shi. Sai a 1950 aka fanshe shi da fam miliyan ɗaya daga baitulmalin Najeriya. Sakin layi guda a yarjejeniya ya kwashe rabin kason hukuma na shekara hamsin, sannan aka sake biya kafin a rabu da shi. Ba a banza ba Dokar Ma'adinai ta tsakiyar shekarun 1940, wadda ta ɗora mallakar ma'adinai a hannun Sarautar Ingila, ta shiga jerin dokokin da Herbert Macaulay da Nnamdi Azikiwe suka zagaya ƙasa a 1946 suna adawa da su, har aka tura tawaga Landan a 1947.

Asara ta uku ta rayuka ce. Bayan Japan ta mamaye Malaya a farkon 1942, Birtaniya ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan Filato. Aka kafa aikin tilas, aka riƙa kwaso manoma daga lardunan Arewa ta hannun hukumomin En'e. Dubun dubatar mutane aka tura tsakanin 1942 da 1944, mutanen da ba su saba da sanyin tsauni ba, babu isasshen abinci, babu bargo. Da yawa sun mutu, da yawa sun gudu. A 1943 abin da aka haƙo ya haura tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba. Shekarar da ta fi kowace armashi a littafin kamfanoni tana cikin mafi muni a rayuwar leburori.

Asara ta huɗu tana nan ana kallonta har gobe. Gonakin Birom da maƙwabtansu aka tone, diyyar da aka biya ba ta taka kara ta karya ba. Wanda ya bi hanyar Bukuru zuwa Barikin Ladi zai ga tudun jar ƙasa da ɗaruruwan tafkuna masu zurfi. An mayar da na Rayfield wurin shaƙatawa, manoman rani na jan ruwan wasu suna noma dankalin Turawa da kayan lambu, wannan kuwa dabarar talaka ce da ya mayar da masifa abin amfani. Amma tafkunan na cin yara da dabbobi, kuma a tarkacen da aka bari a wuraren tace ma'adinin akwai duwatsu masu fitar da tururin da ke cutar da jiki a hankali. Dokar mulkin mallaka ta zo da batun gyaran filin da aka haƙa a makare, bayan an riga an yi ɓarna mai yawa, abin da aka gyara kuma kaɗan ne. Kamfanonin da suka tona ramukan sun daɗe da tafiya, nauyin ya rage a kan jihar da kuɗin shigarta ba zai iya cike ko kaɗan daga ciki ba.

Akwai kuma gadon da ya fi ramuka wuyar cikewa. Haƙar kuza ta tara jama'a daga ko'ina a gari guda, ba tare da hukumar wancan zamani ta shimfiɗa tsarin adalci kan fili da wakilci tsakanin waɗanda aka tarar da waɗanda aiki ya kawo ba. Muddin akwai aiki, an zauna. Da aikin ya ƙare, aka bar matasa masu yawa hannu rabbana a garin da ke da tsohuwar taƙaddama. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 suna da dalilai da yawa na siyasa da addini da ƙabila, ba za a ɗora su kan kuza kaɗai ba. Duk da haka, garin da aka gina kan ma'adini guda ba tare da tanadin ranar ƙarewarsa ba, ya zama busasshiyar ciyawa mai jiran ashana.

Laifin da ba na baƙo ba

Zai yi sauƙi a tsaya a nan a ɗora komai kan Turawan mulki, amma tarihin bai ƙare a 1960 ba. Bayan 'yancin kai kamfanonin sun ci gaba da aiki fiye da shekara ashirin ƙarƙashin gwamnatocin 'yan ƙasa, kuma ba a tilasta musu ajiye kuɗin cike ramuka yadda ya kamata ba, ba a kuma ware wani asusu daga harajin kuza don gina abin da zai maye gurbinsa ba. Da man fetur ya zo, hankalin Legas ya bar Filato. An kafa Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Najeriya a 1972 da hedkwata a Jos, dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 suka sauya masu hannun jari. Takardun mallaka sun sauya hannu, amma sabon jari bai shigo ba. Ma'adinin da ke kusa da saman ƙasa ya ƙare, wanda ya rage yana can ƙasa da dutse mai buƙatar manyan injina, tsoffin masu kamfanonin sun daina sa kuɗi a abin da ba su da tabbacin riƙewa, sababbin kuma ba su da kuɗin. A watan Oktoban 1985 Majalisar Kuza ta Duniya, wadda ke tallafe farashi, ta durƙushe, aka dakatar da cinikin kuza a kasuwar ƙarafa ta Landan, farashi ya faɗi da kusan rabi. Abin da ya rage na manyan kamfanonin Filato bai sake tashi ba.

Darasin nan biyu ne, kuma dole a riƙe su tare. Barin mai jari ya yi yadda ya ga dama ya bar wa Jos ramuka. Karɓe kamfani da doka ba tare da jari da ƙwarewa ba ya bar mata injina masu tsatsa.

A cikin garin Jos ɗin dai akwai jarin da ya zauna. NESCO da aka kafa don mahaƙa ya rayu bayan mutuwarsu, domin yana sayar da abin da gidaje da masana'antu ke buƙata kullum. Kamfanin NASCO, wanda ɗan kasuwa Ahmed Idris Nasreddin, haifaffen Eritriya, ya fara a 1963 da masana'antar buhuna, ya faɗaɗa zuwa biskit da abincin karin kumallo da sabulu, yana sayen amfanin gona a cikin ƙasa yana sayar wa kasuwar ƙasa. Irin wannan jari saiwarsa na cikin manomi da dillali da mai shago, shi ya sa tafiyarsa ke da wuya. Jarin haƙa kuwa ranar tafiyarsa na rubuce tun ranar zuwansa, domin ma'adini ba ya haihuwa. Wannan ne ya sa sharaɗinsa ya kamata ya fi tsanani.

Yadda wasu suka yi

Malesiya ta fi Najeriya kuza nesa ba kusa ba, kuma rukunin kamfanonin Landan da ke bayan ATMN yana cikin manyan masu haƙa a can. Faɗuwar farashin 1985 ta kashe mahaƙunta kamar yadda ta kashe na Filato. Bambancin shi ne ba ta jira wannan rana ba. Tun 1972 ta buɗe yankin masana'antu a Bayan Lepas da ke Penang, ta jawo kamfanonin kayan lantarki irin su Intel, ta tanadi wuta da tashar ruwa da ma'aikata masu ilimi. Jarin waje ne ya fitar da ita daga dogaro da kuza, amma irin jarin da ita ta zaɓa ta kuma shirya masa. Wasu tsoffin ramukan da ke kewayen Kuala Lumpur yau unguwanni ne da wuraren kasuwanci.

Botsuwana ta riƙe rabin kamfanin Debswana tare da De Beers, ta ajiye rarar kuɗin lu'u-lu'u a asusun ƙasa, ta yi ta ciniki a kowane sabunta yarjejeniya har aka dawo da cibiyar sayar da lu'u-lu'un kamfanin daga Landan zuwa Gaborone a 2013. Indunusiya ta hana fitar da ɗanyen ma'adinin nikel daga watan Janairun 2020, masu jari, galibi daga ƙasar Sin, suka gina wuraren narkawa a cikin ƙasar. Matakin ya ninka darajar abin da take fitarwa, ko da yake ya zo da gurɓatar muhalli da haɗurran ma'aikata da shari'a da Tarayyar Turai. A maƙwabciya Nijar kuwa, an rufe mahaƙar yuraniyam ta Cominak kusa da Arlit a watan Maris na 2021 bayan shekaru fiye da arba'in, aka bar garin da tarin tarkace da tambayar da Bukuru ta sani sarai. Babu ɗaya daga cikin ƙasashen nan da ta rasa mai zuba jari. Abin da ya raba su shi ne ƙarfin hukumar da ta zauna a ɗaya gefen tebur.

Zagaye na biyu ya fara

Maganar nan ba ta tarihi kaɗai ba ce. Duniya ta sake waiwayo ma'adinan tsakiyar Najeriya. Ana buƙatar kuza wajen liƙa ƙananan wayoyi a cikin salula da kwamfuta da faifan hasken rana, farashin tan guda ya haura dala 30,000 a 'yan shekarun nan. Ana neman litiyam don batir, har masu jari daga Sin suka buɗe masana'antar sarrafa shi a Jihar Nasarawa a watan Mayun 2024. A Filato, matasa da mata sun koma tsoffin filayen ATMN suna tona ramuka da diga da shebur, ramukan na rubzawa da su, dillalai na saye da arha a fitar. A watan Fabrairun 2025 Gwamna Caleb Mutfwang ya ba da umarnin dakatar da haƙar ma'adinai a jihar saboda matsalar tsaro. Wannan umarni ya fito da tsohuwar matsala fili: tsarin mulki ya ba Gwamnatin Tarayya mallakar ma'adinai da ikon ba da lasisi, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa fili a hannun gwamna, ramin kuma a gonar talaka ake tona shi.

Ma'aikatar Bunƙasa Ma'adinai ƙarƙashin Dele Alake ta ce duk mai neman lasisi sai ya nuna shirin sarrafa ma'adinin a cikin ƙasa, ta soke lasisai da yawa da aka ajiye ba a aiki da su, ta kuma kafa rundunar tsaron mahaƙa a 2024. Alƙiblar ta yi daidai. Sai dai Najeriya ba ta taɓa rasa kyakkyawar doka ba. Dokar Ma'adinai da Haƙa ta 2007 ta riga ta tanadi asusun kare muhalli da gyaran filin da aka haƙa, ta kuma wajabta wa mai lasisi ƙulla yarjejeniyar raya al'ummar da zai yi aiki a ƙasarta, a sake duba ta duk shekara biyar. Abin da ya rage shi ne aiwatarwa, aiwatarwa kuwa a teburin darakta da mataimakinsa da lauyan ma'aikata da hadimin minista take.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, kuɗin cike rami ya shiga asusu kafin a sa diga a ƙasa, a riƙa ƙara shi gwargwadon faɗin abin da aka tona, a ajiye shi inda kamfani ba zai iya janyewa ba, gwamnati kuma ba za ta iya karkatar da shi ba. A riƙa wallafa sunan kowane kamfani da abin da ya ajiye. Kamfanin da ya karye ba ya cike rami, Jos ta shaida haka.

Na biyu, a fayyace ma'anar sarrafawa a rubuce. Fasa dutse da wanke shi a zuba a buhu bai wuce abin da ake yi a Bukuru tun zamanin Laws ba. A ƙayyade matakin tacewa da narkawa da ake nufi ga kowane ma'adini, da wa'adin kaiwa gare shi, da adadin 'yan ƙasa da za a horar a manyan ayyuka. Amma sharaɗin ya tafi tare da wuta. Wurin narka ƙarfe ba ya tafiya da janareta, don haka hana fitar da ɗanyen ma'adini kafin a samar da lantarki zai ƙara wa 'yan fasa-ƙwauri kasuwa ne kawai. Ruwan da NESCO ya datse tun 1929 ya nuna cewa Filato na da hanyar samun wutarta.

Na uku, yarjejeniyar raya al'umma ta daina zama takardar da ake sa wa hannu a ɗakin otal tsakanin kamfani da mutum uku. A karanta ta a gaban jama'a da harshen da suke ji, a ajiye kwafinta a ƙaramar hukuma da shafin ma'aikata na intanet. A kuma ware wani ɓangare na kashi 13 da jihohi ke samu daga kuɗin ma'adinansu don gyaran tsoffin ramuka, tare da gudummawar tarayya, tunda baitulmalin ƙasa ne ya ci harajin kuza. Masu haƙa da hannu kuma a tsara su cikin ƙungiyoyi masu rajista da wuraren sayarwa na hukuma, domin korarsu da bindiga ba za ta hana su komawa rami ba.

Na huɗu, duk rangwamen haraji da aka yi wa mai jari kuɗin jama'a ne aka yafe, don haka a rubuta abin da aka saya da shi: ayyuka nawa, kayan gida na nawa, cikin shekara nawa. Wanda bai cika ba ya mayar. A kuma san ainihin mai kamfani, kamar yadda Dokar Kamfanoni ta 2020 ta tanada, domin wani jarin da ake kira na waje kuɗin gida ne da aka sace ya zagaya ya dawo da sabuwar riga.

Na biyar, hukumar NIPC ta riƙa fitar da rahoto duk shekara da ke jera kowace yarjejeniyar da aka sanar da kuma abin da ya shigo a kanta. Wannan zai rage wa jami'ai sha'awar bikin sa hannu, ya ba majalisa da 'yan jarida abin auna aiki.

Na shida, ciniki ba ya yiwuwa da gefe guda. Ƙasar da ke son gindaya sharaɗi mai tsanani dole ta ba da abin da mai jari na ƙwarai ke nema: tsaro a hanya da wurin aiki, kotun da ke yanke hukunci cikin lokaci, tabbacin fitar da halastacciyar riba kamar yadda dokokin 1995 suka yi alkawari, haraji guda maimakon shingaye goma tsakanin Jos da tashar ruwa, da manufar da ba ta sauyawa da sauyin minista. Inda babu waɗannan, kamfanin da ke da sunan da zai kare ba ya zuwa. Wanda ke zuwa shi ne mai son duhu, wanda ya san cewa cin hanci ya fi bin doka arha. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ma'aikacin da yake ganin sakin layi guda a takarda ba komai ba ne ya tuna da shari'ar P&ID. Kwantiragin iskar gas da aka sa wa hannu a 2010 a Ma'aikatar Man Fetur, wanda ba a ɗora ko bulo ɗaya a kansa ba, ya kusa jawo wa Najeriya biyan kimanin dala biliyan 11, sai da wata babbar kotu a Landan ta yanke a watan Oktoban 2023 cewa da cin hanci aka samo shi. Tsakanin yarjejeniyar 1900 da ta 2010 akwai shekara 110 da 'yancin kai, amma cutar ɗaya ce: an sa hannu a madadin mutanen da ba su ga takardar ba, su ne kuma ke biya.

Lasisin haƙa da ake bayarwa yau na iya kai shekara 25, kuma ana sabunta shi. Wanda ya sa masa hannu zai yi ritaya, ministan zai sauka, farashin litiyam zai hau ya sauka kamar yadda na kuza ya yi. Mutanen Wase da Kokona da Birnin Gwari ne za su zauna da abin da aka bari. Ya dace duk jami'in da fayil ɗin ma'adinai zai biyo ta teburinsa ya nemi amsar tambaya guda a rubuce kafin ya wuce da shi: ranar da wannan kamfani zai rufe ƙofa, wa zai cike ramin, da wane kuɗi, kuma wane aiki mutanen wurin za su koma? Fayil ɗin da ba shi da wannan amsa bai isa sa hannu ba.